Yadda Za Ka Sayar Da Kayan Hannu A Intanet Ba Tare Da Mai Saye Ya Cuce Ka Ba

Duk gargaɗin da ake yi a kan cinikin intanet, mai saye ake yi wa. A kula da 'yan damfara, kada a tura kuɗi sai an ga kaya. Ba kasafai ake tunawa da mai sayarwa ba, alhali shi ne kayansa ke fita daga hannunsa. Na daɗe ina sayar da wayoyi da kwamfutoci na hannu, wani lokaci janareta ko firji, a shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook da WhatsApp, kuma na ga ƙannena da yawa sun shigo harkar da zafinsu, cinikin farko ko na biyu aka kwashe musu jari. Da na bi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ba rashin wayo ne ya kayar da su ba. Kunya ce. Kunyar ce wa babban mutum ya dakata, kunyar a ce ba ka yarda da ɗan'uwanka Musulmi ba. Macucin ya san da wannan, da ita yake aiki.

Ba zan tsaya kan ɗaukar hoto mai kyau da sa farashi ba, wannan kowa ya iya.

Kafin ka ɗora tallar, ka fara tara shaidarka. In waya ce, danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai lambobi 15 za ta fito, ka ɗauke ta a hoto ka kuma rubuta a littafi. Kwamfuta da talabijin da janareta duk suna da lambar shaida, wato siriyal, a jikinsu. Sannan ka yi bidiyo na minti ɗaya: kayan a kunne, suna aiki, ka nuna gaba da baya da duk wani tabo. Aibin da ke jikin kaya kuwa ka rubuta shi a cikin tallar ƙarara. Batirin ba ya daɗewa, an taɓa canza gilashi, firjin yana ƙara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wannan rubutun shi ne zai tsaya maka ranar da wani ya dawo yana cewa ka ɓoye masa. Ni ina ƙara wani abu: nakan rubuta lambar wayata a takarda in ajiye ta jikin kayan kafin in ɗauki hoto, yadda ba za a iya yanke ta ba sai an yanke kayan. Dalilin zai zo a gaba.

Da talla ta hau, saƙonni za su fara shigowa. Wanda ya zo saye da gaske yana tayi. Zai ce ka rage, zai kushe kayan, zai tambayi shekara nawa suka yi a hannunka, ka ce albarka, ya ƙara, har a kai ga sallama. Wanda ya ce ya saya a yadda ka faɗa, bai tambayi komai ba, har yana cewa zai ƙara maka na mota, to ka gyara zama. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawanci labarinsu ɗaya ne: shi soja ne an tura shi aiki wani gari, ko yana asibiti wajen jinya, ko tsaraba ce zai yi wa ɗiyarsa, don haka ba zai samu zuwa ba, zai turo yaronsa. Turo yaro ba laifi ba ne, manyan mutane da matan aure da yawa haka suke sayayya. Amma duk wanda ba zai zo da kansa ba, sai kuɗinsa sun riga yaronsa isowa.

Akwai kuma waɗanda ba kayan suke so ba sam. Zai ce ya turo maka wasu lambobi shida ta saƙo don ya tabbatar kai ne mai tallar, ka karanto masa. Lambobin shiga WhatsApp ɗinka ne. Kana faɗa ya ƙwace shi, ya bi 'yan'uwanka yana roƙon kuɗi da sunanka. Wani zai turo maka adireshin wani shafi ya ce ka shiga ka cike don kuɗin su sauka. Mai son biyanka abu uku kawai yake buƙata: lambar asusu mai lambobi 10, sunan banki, da sunanka. BVN, lambobin jikin katin cirar kuɗi, lambar sirri, lambar da banki ke turowa ta saƙo, babu ɗaya da ake buƙata don a saka maka kuɗi.

Yanzu ga wurin da na fi so ka natsu, domin a nan aka kayar da ni.

Waya ce na sa a talla, muka daidaita da wani a kan naira 185,000. Ya zo da kansa, dattijo mai kamala, farar shadda, carbi a hannu, ga mota da direba. Ana dab da kiran magariba. Ya duba wayar, ya ce ta yi, ya karɓi lambar asusuna, ya daddanna tasa, ya nuna mini rasit a fuskar wayarsa mai ɗauke da sunana da kuɗin cif. Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙo ya shigo wayata da sunan bankina, ya faɗa cikin jerin saƙonnin da bankin ya saba turo mini. Na so in buɗe manhajar banki in duba, sai ta tsaya tana juyawa, sabis ba ƙarfi a wurin. Ya ce, “Yarona, ai ka ga alat. Bari in samu jam'i, in akwai wata matsala ga lambata.” Sa'an mahaifina ne. Na ji nauyin in ce masa ya tsaya. Na miƙa masa wayar da kwalinta. Bayan isha'i na samu shiga manhajar, babu ko kwabo da ya shigo, lambarsa kuma a kashe.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, sunan da ke fitowa a saman saƙon tes ba hujja ba ne. Akwai hanyoyin tura saƙo da yawa a intanet da ake iya sa wa sunan da aka ga dama, wayarka kuma sunan kawai take dubawa, sai ta jera saƙon tare da na bankin na gaskiya. Rasit ma haka: hoto ne, ana gyara shi, akwai ma manhajojin bogi da ke kwaikwayon fuskar na banki. Wani kuma rasit ɗin na gaske ne, amma na kuɗin da aka tsara za su tafi gobe, yana barin wurin ya soke. Da na karanta saƙon nan da kyau daga baya, sai na ga ragowar kuɗin da ya nuna ba ta yi daidai da abin da ke asusuna ba, don shi bai san nawa nake da shi ba, ƙiyasi ya yi. Da na duba wannan layin kaɗai, da na gane.

Saboda haka ga ƙa'idata, kuma ba na sassauta ta ga kowa. Kafin mai saye ya iso, na buɗe manhaja na ga nawa ke ciki. Bayan ya ce ya tura, ni da kaina zan shiga, a wayata, in ga ragowar ta ƙaru da adadin, in kuma ga shigowar a cikin jerin hada-hadar asusun. Ba saƙon tes ba, ba rasit ɗin da ya turo ta WhatsApp ba, ba fuskar wayarsa ba. In manhaja ta ƙi buɗewa, in duba ta lambar banki da ake dannawa ko a ƙaramar waya. Ana cire 'yan nairori kuɗin dubawa, wasu har suna jin ƙyashinsu, suna shirin miƙa kayan dubu ɗari biyu. In wannan ma ta ƙi, sai mu taka wurin mai POS, ya cire kuɗin a ba ni a hannu, ni zan biya cajin. In duk bai yiwu ba, kaya suna wurina har kuɗi su sauka. Turawa tsakanin bankuna a Najeriya yawanci cikin daƙiƙoƙi take isa. Wani lokaci takan maƙale da gaske, mutumin kirki ma yana gamuwa da haka, amma mutumin kirki zai jira ko ya dawo gobe. Kuɗin da suka maƙale suna iya komawa asusun mai su, kai kuma kayanka sun tafi.

Yadda za ka faɗa ba tare da ka ci fuskar kowa ba shi ne ka faɗa tun a waya, kafin a haɗu: “Alhaji, ka yi haƙuri, tsarina sai na ga kuɗi a manhaja nake sakin kaya, ko da ɗan'uwana ne.” Wanda ya zo da niyyar cuta yawanci daga nan ba za ka sake jin sa ba. In kuma an haɗu ya fara rantse-rantse, yana cewa ka mai da shi ɓarawo, yana duba agogo, kada ka biye masa da gardama. Ka ce, “Ba haka ba ne ranka ya daɗe, minti biyar kawai.” Ka riƙe kayanka a hannu. Kunyar mara kunya asara ce. Ni yanzu ba na ma yarda da haɗuwar magariba ko ta ranar Juma'a dab da tafiya masallaci, duk lokacin da ke da uzurin gaggawa a shirye ina kauce masa.

Ko kuɗi sun shigo da gaske, saura abu ɗaya: duba sunan wanda ya turo. Damfarar da ke ɓoye a nan ita ce ta fi ciwo, kuma ita ce dalilin takardar nan da nake sawa a hoto. Macucin zai kwafi hotunan kayanka ya tallata su a wani wuri da araha. Wani bawan Allah ya taya, sai macucin ya ba shi lambar asusunka. Wannan bawan Allah ya turo maka kuɗin, kai kuma ka ga sun shigo, ka miƙa kaya ga macucin ko yaronsa. Bayan kwana biyu wanda ya biya bai ga kaya ba, ya kai ƙara, kuma asusunka ne ya karɓi kuɗin. Ana iya sa wa asusun takunkumi, kai ne kuma za ka yi ta zarya kana bayani. Don haka in sunan mai turowa ya bambanta da na wanda kuke magana, ka tambaya. In ya ce matarsa ce ko yayansa, a kira shi a gabanka, ka ji da bakinsa kuɗin mene ne ya turo, kuma wa za a ba kayan.

'Yar'uwar wannan ita ce ta kuɗin da suka yi yawa. Kun yi ciniki a 105,000, ya ce ya yi kuskure ya tura 150,000, ka taimaka ka mayar da 45,000 wani asusu daban. Ko dai ba abin da ya shigo, ko kuɗin na wani ne da aka sata. Kada kai da kanka ka mayar da kuɗin zuwa wani sabon asusu. Ka je bankinka, a rubuce, su mayar inda kuɗin suka fito.

Wurin haɗuwa kuma, da rana, cikin jama'a. A Kano in waya ce na fi son shagon mai gyara da na sani a kasuwar waya ta Farm Centre, a buɗe ta a gabansa, ya zama shaida. Kada ka bar mai saye ya fita da kaya wai zai nuna wa wani a mota, kada kuma ka shiga motarsa. Matan da ke sayar da kayan ɗaki ko na kicin, kada a ba baƙo kwatancen gida kai tsaye, a sa namiji ya tare shi a bakin titi, ko a bi ta hannun dillaliyar da aka sani. La'adarta ba ta kai asarar da take karewa ba.

Aika kaya wani gari ta tasha, cikakken kuɗi tukuna, har da na mota. Maganar in kaya sun iso zan biya ba ta cikin tsarina. In mai saye yana tsoro, kuma yana da gaskiyarsa, ya turo wani nasa da ke garinku ya gani ya biya. Ka yi bidiyon lokacin da kake naɗe kayan, ka ɗauki lambar motar da ta direba, ka bi ta hannun 'yan yuniyon, ba wanda ka tsinta a bakin tasha ba.

Sai masu dawo da kaya. Bayan kwana uku ya zo wai waya ta mutu, alhali ya cire batirinka ko gilashinka ya sa na banza, ko ma wata ce irinta ya kawo. Danna *#06# ka gwada da littafinka, mai gyara ya buɗe ya duba. Tun ranar ciniki ka rubuta 'yar takarda: sunan kaya, lambarsu, aibinsu, kuɗi, kwanan wata, da awa nawa ka ba shi na gwaji, ku sa hannu, ka ɗauke ta a hoto. Ni awa 24 nake bayarwa.

In kuma an riga an cuce ka, kada ka goge hirar don haushi. Ka adana hotunan saƙonnin, lambar da ya kira ka da ita, rasit ɗin bogin, da bayanin asusunka na ranar daga banki. Ka kai rahoto caji ofis mafi kusa da lambar IMEI da kwalin ko rasit ɗin sayenka na asali, in akwai asusun da ka tura wa kuɗi ka sanar da bankinka a ranar, kana iya kuma rubuta wa EFCC koke. Ka danna wurin kai ƙara a Jiji ko Facebook ɗin don su duba shafinsa, sannan ka tura lambarsa a zauren 'yan kasuwarku.