Yadda zaka rubuta zambon al'ada irin na Nacirema

A 1956 wani masanin al'adu ɗan Amurka, Horace Miner, ya rubuta labarin wata ƙabila wai ita Nacirema, kowane gida da ɗakin tsafinsa, kullum su cusa gashin alade a baki, mata kuma su gasa kawunansu a tanda. Ashe Amurkawa yake nufi, sunan ma kalmar American ce ya juya ta baya. Ɗakin tsafin banɗaki ne, gashin aladen burushi, tandar kuma injin busar da gashi na salun.

In zaka gwada, fara zaɓar abinda mutanenka suke yi kullum har sun daina ganinsa, sai ka cire masa sunan da aka sanshi dashi, nan fa aikin yake wallahi. Kar kace asibiti, kace gidan bokaye inda ake tuɓe mutum a sossoka masa allura kuma sai ya biya kafin a dubashi. Ƙarya ko ɗaya kar ka saka, kalmomin kawai zaka canza, ka ari muryar baƙon nan mai ji da ilimi da yake kallon kowa a matsayin ɗan ƙauye.

Kuma kar kayi saurin tona asirin, bar mai karatu ya gama cewa kai waɗannan akwai jahilai tukunna, in ya gano dashi ake zai fara zargin duk bayanin da aka taɓa bashi akan wasu ƙabilu. Al'adarku zaka taɓa, ta maƙwabta in ka taɓa ya zama gori.