Kurakuran da 'yan gwangwan ke yi wajen neman izinin faɗaɗa yadi a Kumasi

Na gaji da ganin yaranmu a Aboabo da Sawaba suna zuba kuɗi a katanga, bayan kwana kaɗan a zo da jan fenti a rubuta musu a dakata da aiki. Abin da ke jawo hakan kusan ɗaya ne kullum: mutum yana da famit na tsohon yadinsa, kaya sun yi yawa, sai ya tura shinge cikin filin gefe yana cewa ai yana da takarda.

Ƙanena, famit ɗin da ke hannunka na filin da aka zana a taswira ne kawai, da irin aikin da ka ce za ka yi a cikinsa. Ka ƙara fuloti, ko ka kafa rumfa, ko ka girka sikelin auna mota, ko ka fara yankan ƙarfe inda da ajiya kawai kake yi, duk sai ka koma asembili, wato majalisar ƙaramar hukumar yankinka. Dokar tsara filaye ta 2016, mai lamba 925, ita ta ɗora wannan a kan kwamitin tsare-tsare na kowace asembili, kuma a ofishin masu tsara gari ake shigar da takarda. Idan wurin an ware shi don gidajen zama ne, canjin amfanin fili za ka fara nema, kuma ana iya hana ka. Rasit ɗin lasisin kasuwanci da kake biya duk shekara ba ya tsare maka katanga. Harajin sana'a daban, izinin gini daban. A Agbogbloshie, babban wurin 'yan gwangwan na Accra, mutane sun yi shekaru suna sana'a, amma ranar 1 ga Yuli, 2021 katafila ta share wurin.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne na takardar filin da za a ƙara. Wannan ya taɓa cin jarina. Wani daga cikin dangin masu fili ya kawo min takardar rabo mai hatimi, na biya, na zuba yashi da bulo, ashe an riga an ba wani wurin tun kafin ni. Kuɗin bai dawo ba, ga motar ƙarfe da na yi niyyar turawa Tema ta tsaya saboda babu na dako. To wallahi har gobe ina ganin masu biyan kuɗin fili a gindin bishiya, shaidarsu kawai wai "dattijo ne, ba zai cuce ni ba". Haba! Yawancin filayen Kumasi na kujerar sarauta ne. Takardar rabon da sarkin yanki ya ba ka sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, babban sarkin Ashanti, sannan Hukumar Filaye ta fitar da takardar haya. Ni yanzu ba na fitar da ko sidi ɗaya sai safiyo mai lasisi ya zana min taswirar wurin, na kai ta Hukumar Filaye an bincika, na riƙe sakamakon a hannuna. In mai fili ya ce sauri yake yi, na ce Allah ya haɗa shi da wani mai saye.

Sai masu raina hukumar kare muhalli, EPA. Izininta ma da girman aikinka yake tafiya, in aiki ya ƙaru ka sanar da su. Za su duba inda baƙin mai da ruwan batir ke tsiyaya. Ni daɓen siminti nake yi a wurin fasa inji tun kafin su iso, da durom na tara mai. Ƙona waya don ciro tagulla kuwa, ka daina. Hayaƙin nan yaranka ne ke shaƙa kafin maƙwabta, kuma shi ke kai ƙorafi asembili.

Ka san asembilin da kake ƙarƙashinta. Asokore Mampong ta fita daga KMA, babbar asembilin birnin Kumasi, tun 2012, Suame da Oforikrom suka bi a 2018, amma har yanzu wasu ofishin KMA da ke Adum suke nufa da fayil.

Kada ka faɗaɗa ta bakin rafin Aboabo ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ba za a sa hannu ba. Ka bar hanyar da motar kashe gobara za ta shiga, tukwanen gas kuma a ware su gefe, don takardar 'yan kwana-kwana na cikin abin da ake nema.

Game da 'yan kamasho masu cewa sun san wani a ciki: ka je da ƙafarka, ka biya a inda ake biya, ka karɓi rasit mai sunanka. Kafin duk wannan, ina zuwa wurin ɗan asembilin unguwa da limami da gidajen da ke jikin katanga, in gaya musu ƙarfe nawa tirela za ta riƙa shigowa, in ji abin da za su ce.