Yadda nake zama a gaban Ubangiji kafin gari ya waye

Ni mai ɗinki ce a Sabon Gari, kuma na daɗe ina fama da saurin fushi. Yarinya mai koyon aiki ta ɓata yadi, sai in wanke ta tas a gaban mai kaya. Ranar Lahadi kuma ga ni a sahun gaba ina raira waƙa. Wannan abu ya ci mini rai ƙwarai. 'Yar'uwa, ga abin da ya taimake ni.

Ki fara da tsai da lokaci. A Markus 1:35, Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Mu a Kano ba sai mun saita agogo ba, kiran asalatu yana tashe mu. Da na ji shi sai in sauko, in shimfiɗa tabarma a bakin kicin. Minti 20 ya isa mai farawa. Ki ajiye tocila kusa saboda ɗauke wuta, da mayafi mai kauri lokacin hunturu. Waya kuwa ki bar ta a ɗaki.

Kada ki yi karatu da yawa. Markus sura 16 ne kawai, amma sai da na yi kusan wata 2 a cikinsa. Ki ɗauki ɗan sashe, ki karanta ƙasa-ƙasa sau biyu ko uku, ki tsaya a kan kalmar da ta taɓa ki. Ni da Hausa nake karantawa, don da ita nake kuka. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshenmu.

Sai shiru, wanda shi ne mai wuyar. Da kin rufe baki, kuɗin makarantar yara zai faɗo miki, ankon bikin da ba ki gama ba ya biyo baya. Da farko nakan ɗauka na kasa ke nan. Yanzu ina ajiye takarda da biro, duk abin da ya faɗo in rubuta, in ce "Ubangiji, ga shi," in koma ga ayar. Marta ba mugun abu take yi ba a Luka 10, hidimar baƙi take, amma zaman da 'yar'uwarta Maryamu ta yi shiru tana sauraron Yesu, shi ne ya yaba. A cikin shirun nan ne nake tuna wadda na ɓata wa rai jiya. In hakan ya same ki, ki faɗi laifin da sunansa, ki kuma nemi gafarar mutumin a ranar.

Kada ki yi ta auna kanki. Kin taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata? Idan marini ya tsamo yadi daga ruwan baba, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. A sake tsomawa, a sake tsamowa, sau da yawa, kafin launin ya kama. Haka nake fahimtar 2 Korintiyawa 3:18, inda Bulus ya ce ana sāke mu zuwa kamannin Ubangiji daga ɗaukaka zuwa ɗaukaka, ta wurin Ruhu. Namu shiga ne, rinin nasa ne. Musa ma ya yi kwana 40 a Dutsen Sinai, ya sauko bai san fuskarsa tana haske ba.

Ranar da barci ya kwashe ki, ki ci gaba washegari, ba sai kin rama ba.

Makon jiya ɗaya daga cikin yarana masu koyon aiki ta yanka hannun riga a karkace. Na ji zuciyata ta taso kamar dā. Na fita waje na sha ruwa, na dawo muka zauna tare muka fitar da wani hannun daga ragowar yadin.