Yadda Za Ka Gane Mafarki Kake Yi Tun Kana Cikinsa, Har Ka Iya Juya Shi

Akwai mafarkin da mutum yana tsaka da yinsa sai ya ankara ya ce a ransa, "Af, ai mafarki nake yi." Jiki na kwance, barci bai yanke ba, amma hankali ya dawo, har mutum ya iya zaɓar inda zai nufa da abin da zai yi. Wannan shi ne mafarki cikin sani. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekaru masu yawa ya nuna kusan mutum 55 cikin 100 sun taɓa yinsa ko sau ɗaya a rayuwa, kusan 23 cikin 100 kuma suna yinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Ba sihiri ba ne, ba kuma sai da baiwa ba. Koyonsa ake yi.

An tabbatar da shi a ɗakin bincike tun 1975, lokacin da Keith Hearne a Jami'ar Hull ta Ingila ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa in ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama. Na'ura ta ɗauki wannan alama alhali yana barci. A 2021 ma, masu bincike a Amurka da Faransa da Jamus da Holan sun yi wa masu barci tambayar lissafi, kamar takwas a ɗebe shida, wasu suka amsa daga cikin mafarki da juya ido sau biyu.

Lokacin da mafarki ke zuwa

Kafin kowace dabara sai ka san wannan, domin a nan yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Barci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A ƙarshen kowane zagaye akwai zangon da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, ƙwaƙwalwa na aiki kusan kamar ta wanda yake farke, gaɓoɓi kuma a sake ba sa motsi. A wannan zango ne ake yin mafarkai masu tsawo da haske. Na farkon dare gajere ne, bai fi minti goma ba. Na goshin asuba kan kai rabin awa ko fiye. Saboda haka wanda ya zauna majalisa ko teburin mai shayi har ƙarfe ɗaya, sannan ya tashi sallar Asuba, ya yanke daidai ɓangaren da ake nema. Ka nemi barcin awa bakwai zuwa takwas tukuna. Ka kuma bar shayi mai kauri da kofi da goro tun daga La'asar, domin sinadarin da ke cikinsu na ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki.

Fara da tuna mafarki

Ka ajiye littafin rubutu da biro da ƙaramar tocila a gefen shimfiɗa. Da ka farka kada ka motsa, kada ka buɗe ido. Kama abu na ƙarshe da ka gani, ka bi shi da baya-baya: kafin nan ina nake, da wa, me ya kawo ni? Sai ka rubuta, da boko ko da ajami, duk wanda hannunka ya fi sauri a kai. In lokacin salla ya matse, kalma uku sun isa, kamar "kasuwa, Goggo, ruwa", ka cike sauran in ka dawo daga masallaci. Waya kuwa ka bar ta. Saƙon WhatsApp guda ɗaya ya isa ya share mafarkin gaba ɗaya.

Bayan mako ɗaya ko biyu mai yiwuwa ka ga kana tuna mafarkai fiye da dā. Sai ka koma ka karanta abin da ka tara, ka ja layi ƙarƙashin abubuwan da ke maimaita kansu kuma ba sa yiwuwa a farke. Wani kullum yana ganinsa ya koma firamare da kayan makaranta ana jarrabawa. Wani yana zaune da mahaifinsa da ya rasu shekaru goma ana hira kamar ba komai. Wani zai fita ta Ƙofar Ƙaura ya tsinci kansa a bakin rijiyar Kusugu ba tare da ya hau motar Daura ba. Waɗannan su ne alamominka, kuma su za ka yi amfani da su nan gaba.

Gwajin farke da rana

Kusan sau goma a yini ka tsaya ka tambayi kanka da gaske ko mafarki kake yi, sannan ka gwada. Gwajin da ya fi inganci shi ne ka toshe hanci da yatsu biyu, ka rufe baki, ka yi ƙoƙarin shaƙar iska. A farke ba za ta shiga ba. A mafarki za ta shiga, domin hancinka na gaske da ke kan matashi babu abin da ya toshe shi. Na biyu, ka karanta rubutu, ko allon shago ko lambar mota, ka kau da kai, ka sake karantawa. A mafarki rubutu kan sauya ko ya dagule. Na uku, ƙirga yatsun hannu. Mintsinin jikinka ba ya aiki, don ana jin zafi a mafarki. Gwajin kunna fitila da ake yawan faɗa shi ma bai dace da mu ba, tunda a nan danna makunni wuta ba ta kawo ba abu ne na yau da kullum.

Don kada ka manta, ka ɗaura gwajin a kan abin da kake yi dama: bayan kowane kiran salla, duk sanda ka shiga gida, duk sanda ka hango Hasumiyar Gobarau ko ka sauka daga acaba. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙa yinsa da hannu kawai, zuciya ta riga ta yanke cewa a farke ake. Wanda ya saba da haka, a mafarkin ma haka zai toshe hanci ya wuce. Ka ba shi daƙiƙa goma, ka tuna yadda aka yi ka zo wurin da kake. Gwajin nan shi kaɗai ƙarfinsa kaɗan ne, sai an haɗa shi da mataki na gaba.

Tashi, ƙulla niyya, koma barci

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford ne ya tsara dabarar ƙulla niyya wajen 1980, kuma har yau ita ce aka fi samun shaida a kanta. Ka sa ƙararrawa ta tashe ka bayan awa biyar da kwanciya. In ka kwanta goma da rabi, ka tashi uku da rabi. Rubuta mafarkin da ka farka da shi. Ka zauna a farke minti 20 zuwa 30 cikin haske kaɗan. Alwala da nafila za su taimaka wajen cike wannan lokaci. Sai ka koma ka kwanta, kana maimaitawa a zuci: "In na sake yin mafarki, zan tuna cewa mafarki nake yi." Kana faɗa kana hango kanka ka koma cikin mafarkin ɗazu, ka ga alamar nan taka, ka gane, ka toshe hanci, iska ta shiga. Ka yi ta maimaitawa har niyyar ta zauna, sannan ka saki komai barci ya ɗauke ka.

Abin da ke aiki a nan shi ne irin tunin da kake amfani da shi in uwargida ta ce ka taho da gishiri in za ka dawo: ka ɗaura saƙon a kan ganin shago, da ka gan shi sai ya faɗo maka. Shi ya sa maimaita kalmomi ba tare da nufi ba ba ya haifar da komai.

Saurin komawa barci na da muhimmanci ƙwarai. A binciken Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide ta Ostireliya a 2017, waɗanda suka haɗa gwajin rana da tashin dare da ƙulla niyya sun yi nasara a kusan kashi 17 cikin 100 na dararen da suka gwada, amma ga waɗanda barci ya ɗauke su cikin minti biyar da gama niyyar, adadin ya kai kusan kashi 46. Don haka in kai mai wahalar komawa barci ne, rage zaman ya koma minti biyar ko goma, kada ma ka kunna fitila. In kuwa kai mai nauyin barci ne da ke ɓingirewa kafin ya gama jimla ɗaya, ka tsawaita zaman, ka yi niyyar a zaune.

Ka sa ƙararrawa ta biyu saboda Asuba, wannan ba abin sakaci ba ne. Kada kuma ka yi tashin nan kowane dare. Sau biyu ko uku a mako ya isa, a daren da washegari ba ka da sammako. Wanda ya saba komawa barci bayan Asuba ko bayan sahur a watan azumi ya riga ya sami tashin a kyauta, niyyar kawai zai ƙara. Lokacin hunturu ya fi sauƙin koyo. A zafin Maris zuwa Mayu, da ake kwana a tsakar gida ana fama da gumi da sauro, barci kan yayyanke, sai a yi haƙuri da littafi da gwajin rana, a kuma ɗaura gidan sauro.

In ka gane kana ciki

Karon farko yawanci daƙiƙu kaɗan ne, murna ce ke tashin mutum. Da ka gane, kada ka ruga. Ka dubi ƙasa ko tafin hannunka, ka murza hannuwanka biyu, ka shafa bango ka ji kaushinsa. Wannan na riƙe hankali a jikin mafarki maimakon ya koma jikin da ke kan gado. In hoton ya fara dusashewa, ka juya jikinka kamar mai katantanwa kana cewa abin da zan gani na gaba mafarki ne.

Juya mafarki kuwa da tsammani ake yinsa, ba da ƙarfi ba. In kana son ganin wani wuri, kada ka tsaya kana umartar gari ya sauya. Nemi ƙofa, ka sa a ranka cewa wurin na bayanta, ka buɗe. In tashi sama kake so, fara da ɗan tsalle a fili ka ga yadda jiki ke jinkirin sauka. Tun da rana ka zaɓi abu ɗaya tak da za ka yi, domin tunani a cikin mafarki ba ya da kaifin na farke, mutum kan tsaya ya rasa me ya zo yi. Sau da yawa za ka gane mafarki ne amma ya ƙi juyuwa, wannan ba gazawa ba ce. Kuma ƙa'ida ce: ba a dira daga wuri mai tsawo, ba a yin wani abu mai hatsari, sai gwajin hanci ya tabbatar sau biyu. Akwai kuma farkawar ƙarya, inda za ka ga ka tashi har ka ɗauki buta alhali barci kake. Maganinta ka riƙa yin gwaji duk sanda ka farka.

Dannau da waɗanda bai kamata su gwada ba

Katse barci na iya jawo dannau. Abin da ke faruwa shi ne hankali ya farka amma sakewar gaɓoɓin nan ta zangon mafarki ba ta gama wucewa ba, sai mutum ya kasa motsi, ya ji nauyi a ƙirji, wani lokaci ya ga inuwa a ɗaki. Numfashi bai tsaya ba, kuma yakan wuce cikin daƙiƙu zuwa minti biyu. Kada ka yi kokawa da shi. Ka yi addu'a a zuci, ka ja numfashi a hankali, ka mai da hankali kan motsa ɗan yatsan ƙafa ɗaya. Kwanciyar rigingine na ƙara shi, kwanciya a gefe na rage shi.

Mai farfaɗiya kada ya katse barcinsa, domin rashin barci na tayar da ita. Haka mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke rikita masa gaskiya da abin da ba gaskiya ba, da mai fama da rashin barci, da direban da zai kama doguwar hanya da safe. Kada a sayi wani magani don wannan. Akwai maganin cutar mantuwa ta tsofaffi da ake tallatawa a intanet da sunan yana kawo irin wannan mafarki. Yana sa tashin zuciya da amai, yana iya taɓa bugun zuciya, ba a shan sa sai da likita. Tiramol da kodin da giya kuwa rage zangon mafarkin ma suke yi.

Ta fuskar addini, hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Mafarkin da kai ka shirya shi kake kuma tuƙa shi ya fi kusa da na ukun. Bai kamata a kai shi wurin mai fassara ba, ko a gina hukuncin aure ko kasuwanci a kansa, kuma ba hanyar sanin gaibu ba ce. Mamacin da ka kira ya zo a ciki, abin da zuciyarka ta adana game da shi ne kake gani.

Inda wannan ilimi ya fi amfani shi ne ga mai mugun mafarki da ke dawowa. Da rana ya rubuta mafarkin, ya sauya masa ƙarshe zuwa wanda ba ya tsoratarwa, ya riƙa hango sabon na minti goma kullum, ya kuma mai da abin da ke bin sa ya zama alamarsa ta gane mafarki. In ya farka a firgice ya bi sunna: tofi kaɗan ta hagu sau uku, neman tsari, da sauya gefen kwanciya. Amma wanda mafarkinsa ya samo asali daga tashin hankalin da ya gani da idonsa, kamar harin 'yan bindiga ko hatsarin mota, har yana tsoron kwanciya, kada a bar shi da littafi da biro kawai. A raka shi asibiti ya ga likitan ƙwaƙwalwa, domin akwai magani da jinyar da aka tsara musamman don irin wannan.