Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Ƙauyen Je-ka-ka-dawo a Ayilan: Misalin Sallins

A kewayen birnin Dublin akwai ƙauyukan da yawancin mazaunansu kwana kawai suke yi a ciki, da safe su nufi birni wurin aiki, da magariba su komo. Sallins, wanda ke gundumar Kildare, kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da Dublin, yana cikin irinsu, kuma da shi za mu gwada yadda ake tono tarihin irin waɗannan wurare.

Ka fara da hanyar sufuri, domin ita ce ta haifi ƙauyen, ita ce kuma ta sāke raya shi. Wajajen shekarar 1780 mashigin ruwan da aka haƙa domin jiragen dakon kaya, wato Grand Canal, ya iso Sallins daga Dublin, kuma gadar da ke ɗauke da ruwansa ta saman kogin Liffey tana nan tsaye har yau. A 1846 aka buɗe tashar jirgin ƙasa, aka rufe ta a 1963, sannan aka sake buɗe ta a 1994. Wannan shekara ta ƙarshe ita ce ya kamata ka ja wa layi, saboda daga nan ne ma'aikacin Dublin ya ga zai iya sayen gida a Sallins ya riƙa shiga jirgi zuwa tashar Heuston da ke Dublin kullum.

Daga nan sai ƙidayar jama'a, wadda ofishin ƙididdiga na ƙasar, CSO, yake wallafawa a intanet. A 1996 mutanen Sallins ba su kai 1,000 ba, amma a ƙidayar 2011 sun haura 5,000, wato bunƙasar ta faɗo daidai da zamanin haɓakar tattalin arziki da gine-ginen gidaje wanda ya durƙushe a 2008. Sai dai ka yi hattara wajen kwatanta alƙaluma, domin akan faɗaɗa iyakar gari tsakanin ƙidaya da ƙidaya, ƙarin da ka gani ya zama wani ɓangarensa na taswira ne.

Idan ka koma baya, za ka ci karo da giɓi. Takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 kusan duk sun ƙone a gobarar gidan adana takardun gwamnati da ke Dublin a 1922, lokacin yaƙin basasa. Na 1901 da 1911 sun tsira, ana karanta su kyauta, gida-gida, da sunan kowa da sana'arsa. Giɓin kuwa ana cike shi da kundin kimanta gidaje da gonaki na Griffith (sunan jami'in da ya jagoranci aikin), wanda aka yi daga 1847 zuwa 1864, da kuma taswirorin hukumar safiyo na shekarun 1830. A ganina taswirorin nan sun fi komai amfani: ka ɗora tsohuwa a kan hoton tauraron ɗan'adam na yau, nan take za ka ga gonar da ta koma rukunin gidaje.

Kada ka raina sunan wurin. Da harshen Ayirish ana ce masa Na Solláin, kuma shafin logainm.ie yana kawo tsofaffin siffofin sunayen garuruwan ƙasar.

Bayan takardu, ka taka da ƙafarka. Ka bi gefen mashigin ruwan, ka leƙa maƙabartar Bodenstown inda aka binne Wolfe Tone, jagoran tawayen da aka yi wa mulkin Birtaniya a 1798, sannan ka tsaya a tashar jirgi da sassafe ranar aiki ka ga yawan masu jira. Titin kewaye da aka buɗe a 2021 domin rage cunkoson motoci a tsakiyar ƙauyen shi ne babi na baya-bayan nan da za ka rubuta.