Kurakuran da muke yi idan mura mai zafi ta shigo Zango

A unguwannin Aboabo da Asawase da ke Kumasi a Ghana, da zarar jiki ya ɗau zafi sai a ce maleriya ce, a aiki yaro wurin mai kemis. Babban kuskurenmu ke nan. Mura mai zafi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, farat ɗaya take kayar da mutum: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, da kasalar da ko alwala sai an riƙe ka. Gwajin maleriya ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako. In ya nuna babu, a bar maganin maleriya a nemi likita.

Haka ma kapson amoksisilin da ake ɗirkawa. Bairos ne ke kawo wannan mura, kapso kuwa bakteriya yake kashewa. Kuɗi ne kawai ake zubarwa, ranar da ake buƙatar maganin da gaske ya ƙi ci. Yara kuma kada a ba su asfirin, farasitamol ya isa.

Masu cewa “ai mura ce kawai” su tuna Disambar 2017. A makarantar Kumasi Academy da ke Asokore Mampong, nan kusa da mu, ɗalibai huɗu suka rasu, cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Legon ta tabbatar da cewa nau'in wannan mura ne da ake kira H1N1. Matasa ne fa, da ƙarfinsu. To ina ga kaka mai ciwon suga, ko mai asma, ko mace mai juna biyu?

Su ne ya kamata a fara kaiwa rigakafi, da yara daga wata 6. A nan ma akwai ruɗani. Wani ya ɗauka allurar bara ta wadatar, alhali ƙwayar cutar tana sauya kama, shi ya sa ake sabunta allurar kowace shekara. Wata ta ce ita allurar ce ta sa mata mura. Babu ƙwaya mai rai a cikinta. Hannu kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Sai dai tana ɗaukar kusan mako biyu kafin ta fara kare jiki, don haka maniyyaci kada ya jira sai ana gobe jirgi zai tashi. Kuma kada a tsaya jiran hunturu, domin a ƙasar nan damina ma lokacinta ne. Allurar ba ta cikin waɗanda ake yi wa jarirai a wurin awo, sai ka tambaya da bakinka a asibiti.

Wanda ya kamu ya haƙura da jam'i da gidan suna na 'yan kwanaki, in fita ta kama dole ya sa takunkumi kafin ya shiga trotro, wato motar haya. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ƙirji na ciwo, ko yaro ya ƙi kama nono, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.