Kurakuran da sabbin masu nazari a bankin zuba jari suke yi da Excel da Bloomberg

Duk shekara in aka ɗauki sabbin yara a sashenmu, tambayar farko da suke yi mini ita ce wace manhaja za su koya. Wani ya ce Bloomberg, wani ya ce Capital IQ, wani kuma ya ji an ce in ba ka iya Python ba an bar ka a tasha. Kafin wata uku sai in tarar kusan kowannensu ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa. Na gaji da zama da su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta wannan.

Na farko, kuma wanda ya fi ci mini rai: ɗaukar lambar da ta fito daga na'ura tamkar saukakkiya. Bloomberg da FactSet da Capital IQ da LSEG Workspace, manhajojin da ke sayar da alƙaluman kamfanoni da kasuwa, duk 'yan aike ne. Mutane ne da injina suke kwaso lambobi daga rahotannin kamfanoni su zuba a ciki, wani lokaci su gyara su bisa nasu tsarin. Kujera ɗaya ta Bloomberg ta haura dala 20,000 a shekara, kuma ina ganin tsadar nan ce take sa yaro ya ji kunyar tuhumarta.

Ni ma na taɓa jin wannan kunyar, kuma na biya kuɗinta. A shekarata ta farko a Legas aka ba ni aikin kwatanta darajar wasu kamfanonin kayan masarufi. Na jawo adadin hannayen jarin kowane kamfani kai tsaye cikin Excel, na ninka da farashi, na fitar da jadawali mai kyan gani, na kwanta da murna wajen ƙarfe uku na dare. Ashe ɗaya daga cikinsu bai daɗe da sayar wa masu hannun jarinsa ƙarin hannaye ba, kuma manhajar da na jawo lambar daga cikinta ba ta ɗauki sabon adadin ba. Darajar kamfanin a kasuwa ta fito ƙasa da gaskiyarta nesa ba kusa ba, ta kuma janyo matsakaicin rukunin gaba ɗaya ƙasa. Ba mu muka gano ba. Babban jami'in kuɗi na kamfanin da muke zawarcin aikinsa ne ya ɗora yatsa a kan lambar a tsakiyar taro, ya tambaya daga ina ta fito. Ogana bai ce mini uffan ba a ɗakin. A mota ma bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi: ko na buɗe rahoton kamfanin da idona? Ban buɗe ba. Aikin ya tafi wani gida, ni kuma na yi wata shida ba a barin takardata ta fita sai wani ya bi ta layi-layi.

Kada ku ce sakacin ƙaramin yaro ne kawai. A 2014, lokacin da kamfanin zuba jari na Vista ya sayi kamfanin manhaja na Tibco, jadawalin da bankin Goldman Sachs ya yi aiki da shi ya ƙirga wasu hannayen jari sau biyu, giɓin ya kai kimanin dala miliyan 100. A 2016 bankin Lazard, wanda yake ba kamfanin SolarCity shawara a cinikinsa da Tesla, ya ƙirga wani bashi sau biyu, darajar kamfanin ta ragu da dala miliyan 400 a lissafinsa. Waɗannan gidaje babu manhajar da ba su da ita.

Abin da nake yi tun daga ranar wancan taron: adadin hannayen jari, bashi, tsabar kuɗi da ribar aiki, waɗannan huɗun ba na karɓarsu daga hannun kowa. In kamfanin Amurka ne, EDGAR, rumbun rahotannin kamfanoni na hukumar kula da hannayen jari ta SEC, kyauta ne, adadin hannayen jari yana shafin farko na 10-K (rahoton shekara) ko 10-Q (rahoton wata uku). In na gida ne, rahoton yana shafin NGX, kasuwar hannayen jari ta Najeriya, ko na kamfanin kansa. Ina buɗe shi, in kwafe lambar, in rubuta sunan takarda da lambar shafi a gefen gidan Excel (cell) da na zuba ta. Wasu abokan aikina suna ganin wannan ɓata lokaci ne ga kamfani ashirin. Ra'ayinsu ne. Gani ya kori ji, kuma ba su aka ɗora wa yatsa a taro ba. Kuma don Allah ku duba saman jadawalin rahoton: wani kamfani yana rubutu da dubbai, wani da miliyoyi. Ku duba ƙarshen shekarar kuɗi ma, don PZ Cussons Nigeria a watan Mayu yake rufe littafi, ba Disamba ba. In ka jera shi da masu rufewa a Disamba ba tare da daidaita watanni goma sha biyun ƙarshe ba, ka auna gero da masara a mudu ɗaya.

Na biyu shi ne binne lamba a cikin fomula. Za ka buɗe gida ka ga an rubuta kuɗin shiga a dala sau 460, wato farashin dala a naira, haka kawai, babu mai sanin 460 ɗin nan tana nan. Shekaru ana yin haka a ofisoshin Legas ana tsira, saboda farashin gwamnati ba ya motsi sosai. Sai Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 kafin wata ya ƙare, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,400. A lokacin na ga wani ƙanena a ofis yana bin gidaje ɗaya-ɗaya yana farautar tsohon farashi a lissafi mai shafi goma sha. Ya samu wasu, ya rasa wasu, bashin dala ya koma sabon farashi, kuɗin ruwansa yana nan a tsoho.

Haba! Wannan ba rashin sani ba ne, lalaci ne. Shafi ɗaya za ka ware wa duk abin da ka ɗauka a matsayin zato: farashin canji, hauhawar farashi, haraji, kuɗin ruwa. Kowace fomula ta je can ta ɗauko. Lambar da ka buga da hannu ka yi mata shuɗi, fomula baƙi, wadda ta zo daga wani shafi kore. Wannan al'adar ta girme mu duka a harkar, kuma in ka turo mini lissafi duk baƙi wuluk zan mayar maka ban karanta ba. Ba na fushi da mai kuskure, ina fushi da wanda ya ɓoye mini inda zan ga kuskuren. Ni kafin in aika kowane lissafi sai na danna Ctrl da maɓallin ` in ga fomuloli tsirara, in bi su da ido. Macabacus, wani ƙarin manhaja da ake ɗora wa Excel, yana yin fentin launukan da kansa in ofishinku ya biya, amma in bai biya ba F5 da zaɓin lambobin hannu ya wadatar.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure da ke zuwa daga shafin Aswath Damodaran, malamin nan na jami'ar New York da ke sabunta alƙalumansa kyauta kowace Janairu. Shafin alheri ne, ni ma kullum ina can. Amma yaro zai ɗauko kuɗin ruwan takardun bashin Amurka daga FRED, rumbun alƙaluman tattalin arzikin Amurka, ya ɗora ƙarin ruwan da ake nema saboda kasadar Najeriya daga Damodaran, ya samu ma'aunin dala na auna darajar kamfani, sannan ya auna kuɗin naira da shi. Kamfani sai ya fito da daraja kamar rijiyar mai. In lissafinka na naira ne, fara daga takardun bashin gwamnatin tarayya, sakamakon gwanjonsu yana shafin DMO, ofishin kula da basussuka, farashin kullum yana FMDQ, kasuwar da ake cinikinsu. Haka alƙaluman NBS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa: hauhawar farashi ta sauka daga 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025 ne saboda an sauya shekarar tushe da kwandon kaya, ba don tumatir ya yi araha ba. Kada ka ja layi ɗaya ka haɗa su ba bayani.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka ɓoye layi, gara ka goge shi ko ka tattara shi a rukuni: a 2008 layukan da aka ɓoye a Excel sun bayyana lokacin da aka mayar da takardar PDF, kwangiloli 179 na bankin Lehman Brothers da ya durƙushe suka shiga jerin abin da bankin Barclays zai saya ba da niyyarsa ba. In ka manna zanen Excel a PowerPoint ka zaɓi a cusa shi ciki, ka sani dukan littafin lissafin ne ya bi shi, wanda ka aika wa zai iya buɗe komai. Manna hoto, ko ka aika PDF. Daina kiran fayil "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske". Sa kwanan wata da lamba. Daina haɗe gidaje. In ka kunna lissafi mai zagaye (inda fomula take dogara da amsar kanta) saboda kuɗin ruwa, sa masa makunni na kashewa, in ba haka ba rana ɗaya za ka wayi gari da shafi cike da alamar kuskure. Saki linzamin kwamfuta ka koyi F2 da F4 da Ctrl da [, mako biyu ya ishe ka.

ChatGPT da 'yan'uwansa kuwa, tambaye su yadda ake rubuta fomula, suna da amfani a nan. Amma sunan kamfanin da ake shirin sayarwa ko lambobinsa da ba a fitar ba, in ka zuba su a can kora ce, wataƙila har da hukuma. Kuma lambar da suka ba ka ba ta da shafin da za ka rubuta a gefenta.

Bloomberg ɗin da kuke tsoron taɓawa, in kun zauna a gabansa ku fara da umarnin DES (bayanin kamfani) da FA (alƙaluman kuɗinsa) da RV (kwatanta shi da takwarorinsa) a kan kamfani ɗaya da kuka riga kuka karanta rahotonsa, ku ga inda lambobinsu suka saɓa da naku. In abu ya shige muku duhu, ku danna maɓallin HELP sau biyu, ma'aikacinsu zai amsa muku ko da tsakar dare ne. Kuɗin wannan yana cikin abin da ofis ya riga ya biya.